Yadda Mai Bi Zai Riƙe Gaskiya, Himma da Bege a Lokacin Tsadar Rayuwa

Tun daga ranar 29 ga Mayu 2023, da aka sanar da cire tallafin man fetur a Najeriya, lissafin gidaje da yawa bai sake daidaituwa ba. Litar man da ake saya ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000, duk abin da mota ke ɗaukowa kuwa, daga buhun masara zuwa kwalin magani, ya bi bayanta. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a watan Yulin 2024, amma a lokacin da kyar wannan kuɗi yake sayen buhun shinkafa ɗaya. A irin wannan hali ne mai bi yake zuwa sujada ranar Lahadi, ya ji wa'azi a kan gaskiya da himma da bege, sa'an nan ya waye gari Litinin a kasuwa ko a ofis ko a gona, inda kowa yake neman yadda zai tsira da kansa.

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne, ba a rubuta Littafi Mai Tsarki domin mutanen da ke cikin daula ba. Yawancinsa ya fito ne daga zamanin yunwa da yaƙi da bauta, shi ya sa shawarwarinsa suka sauka har kan mudu, da ladan ɗan ƙwadago, da bashi, da takardar sayen gona. Wanda yake so ya yi aiki da su, sai ya fara daga waɗannan wurare.

Fara da mudunka

Littafin Firistoci 19:35-36 ya umarci jama'a su yi amfani da ma'aunin gaskiya, Maimaitawar Shari'a 25:13-15 kuma ya hana mutum ajiye ma'auni iri biyu, babba da ƙarami. Duk wanda ya san kasuwar hatsi ya san ma'anar wannan ba sai an fassara masa ba: babban mudu na saye daga hannun manomi, da wanda aka bubbuga wa gindi domin sayarwa. Annabi Amos, a sura ta 8, ya zana 'yan kasuwar zamaninsa suna ƙosawa Asabar ta wuce domin su ƙanƙanta mudu, su ƙara farashi, su sayar har da ƙaiƙayi a cikin alkama. Saboda haka mataki na farko mai sauƙi ne, ko da yake yana da zafi. Ka ɗauki mudunka ko sikelinka ka gwada shi da wanda kowa ya yarda da shi a kasuwar, idan ya gaza ka kawar da shi daga shagon gaba ɗaya, kada ka ajiye shi a ƙarƙashin tebur da sunan ko wata rana.

Bayan ma'auni sai kayan da kansu. Haɗa tsohon wake da sabo, zuba launi a manja, tsarma madara ko zuma, jera manyan tumatir a saman kwando ana ɓoye ruɓaɓɓu a ƙasa, duk algus ne, kuma yawan masu yinsa bai mai da shi halal ba. Mafi muni shi ne zuba maganin ƙwari mai guba a cikin wake sa'an nan a kai shi kasuwa, domin wannan ya wuce cutar aljihu, ya shiga cutar rai. Akwai buhunan PICS masu ruɓi uku, waɗanda ba sa barin iska ta shiga, da manoman Najeriya da Nijar suka daɗe suna ajiye wake a cikinsu ba tare da magani ba. Idan kaya yana da aibi, ka faɗa, ka rage kuɗinsa, ka bar mai saye ya zaɓa da idonsa a buɗe.

A nan akwai kuskuren da masu tsoron Allah kan faɗa cikinsa, wato su ɗauka cewa ƙara farashi shi kansa zunubi ne. Ba haka ba ne. Mai shagon da ya sari kwalin sabulu a wani farashi, ya sayar bisa tsohon lissafi alhali farashin sari ya tashi, zai koma wurin dila ya tarar kuɗinsa ba su isa rabin kayan ba, cikin 'yan watanni kuwa jarin ya narke. Ka sa farashi bisa abin da za ka biya ka sake saro kayan, ka ɗora riba daidai gwargwado, ka faɗi hakan a fili. Abin da aka hana shi ne ƙarya: ka rantse cewa ka saya a kaza alhali ba haka ba ne, ko ka yi wa baƙo da yaro farashi dabam don ba su san gari ba. Yesu ya ce a bar "i" ya zama "i", "a'a" kuma ya zama "a'a" (Matiyu 5:37), kuma ɗan kasuwar da ya daina rantsuwa yakan ga cewa cikin lokaci kaɗan mutane sun daina jan ciniki da shi.

Mai saye ma bai kuɓuta ba. Karin Magana 20:14 ya ambaci mutumin da ke kushe kaya a gaban mai sayarwa, in ya bar wurin kuma ya yi ta fahariya da arahar da ya samu. Idan tsohuwa ta ɗauko itace ko ganye daga ƙauye, kana kuwa sane da cewa ba za ta iya komawa da shi ba, matsa mata har ta sallama a faɗuwa ba wayo ba ne.

Ma'aikacin gwamnati da na kamfani suna da nasu mudun. Lokacin da masu karɓar haraji da sojoji suka tambayi Yahaya Mai Baftisma abin da za su yi, bai ce su ajiye aiki ba. Ya ce kada su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade, kada su ƙwace, kada su yi ƙazafi, su dogara ga albashinsu (Luka 3:12-14). A aikace, wannan yana nufin kada fayil ya kwana a teburinka yana jiran na goro, kada ka sa hannu a rasiɗin abin da ba a saya ba, kada kuma ka rubuta sunanka a rajista da safe ka ɓace. Idan albashi bai isa ba, kuma lallai a yau bai isa ba, mafita ita ce wata sana'a ta halal bayan tashi daga aiki. Ya kamata a faɗi gaskiya cewa wannan hanya tana da tsada: za a iya mayar da kai saniyar ware, ko a hana ka wata kujera mai maiƙo. Littafi Mai Tsarki bai ɓoye wannan ba, Yusufu ya shiga kurkuku ne saboda abin da ya ƙi yi.

Wanda kuma ya riga ya ci haƙƙin wani, addu'ar neman gafara kaɗai ba ta rufe maganar. Littafin Firistoci 6:1-5 ya ce wanda ya ci amana ko ya tsinci abu ya musa, ya mayar da shi cikakke, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar. Kuɗin da aka turo asusunka bisa kuskure, da canjin da mai POS ya ba ka fiye da kima, suna cikin wannan hukunci.

Bashi da lada

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, balle a wannan zamani. Abin kunya ba cin bashin ba ne, gudun mai shi ne. Zabura 37:21 ta kira mai cin bashi ya ƙi biya mugu, don haka ka zauna ka rubuta duk wanda yake binka, da nawa, da ranar da ka yi alkawari. Sa'an nan ka je wurin kowannensu da ƙafarka kafin shi ya zo, ka faɗa masa abin da za ka iya biya a wata, ko da kaɗan ne, ka kuma cika. Kashe waya da sauya hanya suna ƙara wa bashi nauyin da ba na kuɗi ba. Labarin gwauruwar nan da ta je wurin Elisha (2 Sarakuna 4:1-7) yana da tsari mai amfani: annabin ya fara tambayarta abin da take da shi a gida, ta ce ɗan mai ne kawai a tulu, bayan man ya yawaita kuma ya ce ta sayar, ta biya bashi tukuna, sa'an nan ita da 'ya'yanta su ci saura.

Ka yi nesa da manhajojin ba da rance na waya masu ruwa mai yawa, waɗanda wasunsu kan aika wa dangi da abokan mutum saƙon tozarci idan ya makara. Ka yi hattara kuma da tsaya wa wani lamuni, gama Karin Magana 22:26-27 ya yi gargaɗi cewa har gadon da kake kwance a kai za a iya ɗaukewa. Idan ɗan'uwa ya nemi ka tsaya masa, gara ka ba shi abin da za ka iya rasawa kyauta da ka sa hannu a kan abin da ba za ka iya biya ba.

Idan kai ne ake yi wa aiki, dokar ta fi tsanani. Maimaitawar Shari'a 24:14-15 ya ce a biya talaka ladansa kafin rana ta faɗi, domin a kansa ya sa rai, Yakubu 5:4 kuma ya ce ladan masu girbin da aka danne yana kuka. Mai wanki, da tela, da masu noman ƙwadago, da yarinyar da ke taya aikin gida, su ne ya kamata a fara biya idan kuɗi ya shigo, ba su za a ce wa "je ka dawo gobe" ba. A ganina, mutumin da ya kai babban baiko gaban ikkilisiya alhali leburansa yana binsa kuɗin mako biyu ya juya tsarin abubuwa, kuma ya kamata masu wa'azi su riƙa faɗin haka ba tare da kwana-kwana ba.

Aikin da yake hannu

Ana yawan jefan marasa aiki da maganar Bulus a 2 Tasalonikawa 3:10, cewa wanda ba ya son aiki kada ya ci. Maganar tana kan wanda ya ƙi aiki ne, ba wanda ya nema ya rasa ba. A misalin masu aikin gonar inabi (Matiyu 20), da aka tambayi waɗanda suka wuni a tsaye dalilin zamansu, sun ce ba wanda ya ɗauke su, mai gonar kuwa bai zage su ba, aiki ya ba su. Matashin da ya gama bautar ƙasa shekaru uku da suka wuce bai samu aiki ba, ba zagi yake bukata ba, amma shi ma akwai abin da ya rage a hannunsa.

Abu na farko shi ne ya sauke girman kai game da irin aikin. Bulus, da dukan iliminsa, ɗinkin tanti ya yi a Korinti tare da Akila da matarsa (Ayyukan Manzanni 18:3). Rut ta shiga gonar Bo'aza kala, aikin da ba ya wuce na matalauta da baƙi, ta tsaya tun safe har yamma, ta sussuke abin da ta tara ta kai wa surukarta. Gyaran waya, ɗinki, walda, haɗa sola, kiwon kaji, noman rani a fadama, suyar ƙosai, babu wanda digiri ya haramta a cikinsu. Ka zaɓi sana'a ɗaya da ake bukata a unguwarku, ka nemi gwani ka zauna a ƙarƙashinsa, ka yarda a aike ka, ka jure watannin koyo waɗanda ba a samun komai a cikinsu sai na abinci.

Na biyu, kada ka jira komai ya daidaita. Mai Hadishi 11:4 ya ce mai duban iska ba zai yi shuka ba, mai duban gizagizai kuma ba zai yi girbi ba, aya ta 6 kuma ta ce a shuka da safe, da yamma ma kada a janye hannu, domin ba a san wanne zai yi albarka ba. Manomin da ya haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, ya kuma ajiye 'yan awaki, ya riga ya san wannan darasi. Ma'aikacin da ya dogara ga albashi kaɗai shi ne ya kamata ya koya.

Na uku, ka san lissafinka. Karin Magana 27:23 ya ce mutum ya san halin da garkensa yake ciki sosai. Ka sayi ɗan littafi, ka rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita kowace rana, ka raba kuɗin jari da kuɗin cefane, kai kanka in ka ɗauki kaya a shagonka ka rubuta. Ƙananan sana'o'i da yawa ba rashin ciniki ne ke kashe su ba, cin uwar kuɗi ne ba tare da an sani ba. Daga abin da ya shigo kuma a ware wani abu, kome ƙanƙantarsa. Yusufu ya ba Fir'auna shawarar ajiye kashi ɗaya cikin biyar a shekarun ƙoshi (Farawa 41:34). A yau kashi ɗaya cikin ashirin ma ya fi babu, kuma adashi tsakanin mutanen da suka san juna, irin wanda matan Zumunta na coci suka saba yi, yana taimaka wa wanda kuɗi ba ya zama a hannunsa. Manomi kuma ya ƙidaya abin da gidansa zai ci har wata kakar kafin ya kai ko buhu ɗaya kasuwa, don kada ya sayar da araha a watan Nuwamba ya sayo da tsada a watan Yuli. Wannan tanadi ne. Ɓoye hatsi a sito ana jiran mutane su galabaita kuwa wani abu ne dabam, Karin Magana 11:26 ya ce jama'a za su la'anci mai yin haka.

Akwai kuma tarkon da ke kama masu himma idan sun gaji, wato kuɗin dare ɗaya. MMM, wani shirin zuba kuɗi a intanet mai alkawarin riba mai yawa, ta rufe asusun mutane a watan Disambar 2016, CBEX mai irin wannan tsari ta rushe a watan Afrilun 2025, kuma a tsakaninsu an yi wasu da dama masu sunaye dabam-dabam da alkawari iri ɗaya. Abin takaici, sau da yawa ta bakin ɗan'uwa a coci ake jin labarinsu, har da shaidar cewa Allah ne ya buɗe ƙofa. Karin Magana 13:11 ya ce dukiyar da aka samu a gaggauce takan ragu, wadda aka tara kaɗan-kaɗan ita ke ƙaruwa. Gwajin mai sauƙi ne: idan ba za a iya nuna maka abin da ake saya ko sayarwa ba, kuma ribarka ta dogara ga kawo wasu, to kuɗin maƙwabcinka ake ba ka. Cacar ƙwallo a waya ma 'yar gidan ce.

Himma kuma ba kashe kai ba ce. Zabura 127:2 ta ce banza ne a yi sammako, a kwanta a makare, ana cin abincin wahala. Ranar hutu tana cikin Dokoki Goma, kuma an sa bawa da jaki a cikinta.

Bege da ake yi da hannu

A shekara ta goma ta sarautar Zadakiya sarkin Yahuza, sojojin Babila sun kewaye Urushalima, annabi Irmiya kuwa yana tsare a filin matsara. A wannan hali ɗan'uwansa Hanamel ya zo masa da tallar gona a Anatot. Irmiya ya saya a kan shekel 17 na azurfa, ya sa hannu a gaban shaidu, ya ba Baruk magatakardansa takardun ya ce a sa su a tukunyar ƙasa domin su daɗe, gama za a sake sayen gidaje da gonaki a ƙasar (Irmiya 32). Bayan ya gama ne ya juya ga Allah da addu'a mai cike da ruɗewa, yana nuna masa mahauran da abokan gaba suka gina. Wato bai jira zuciyarsa ta kwanta ba kafin ya yi aikin bege. Wannan shi ne abin koyi: ka zaɓi abu ɗaya da amfaninsa ba zai zo bana ba, ka yi shi. Ka bar yarinya a makaranta ko da za a sauya mata zuwa mai sauƙin kuɗi, ka dasa mangwaro ko zogale, ka kammala koyon sana'ar, ka gyara takardun filinka.

Ka kuma koyi bambanta bege da zaƙin baki. A zamanin Irmiya, Hananiya ya yi annabci cewa cikin shekara biyu za a karya karkiyar Babila, mutane kuwa sun fi son jin haka. Irmiya ya rubuta wa waɗanda aka kwasa bauta cewa shekara saba'in ce, saboda haka su gina gidaje, su dasa gonaki, su yi aure, su nemi zaman lafiyar birnin da suke ciki. Ayar nan da ake so ƙwarai, Irmiya 29:11, game da shirin alheri da Allah yake da shi, a cikin wannan wasiƙa take. Duk wanda ya sa maka ranar da wahalarka za ta ƙare, musamman idan ya haɗa da kuɗin da za ka fara bayarwa, ka auna maganarsa da wannan. Ka tsara rayuwarka kamar tsadar za ta jima, idan ta sauka da wuri ba ka yi hasarar komai ba.

'Yan Ekklesiyar Yan'uwa a Nigeria sun san wannan a jikinsu. A watan Oktoban 2014 'yan Boko Haram suka mamaye hedkwatarsu da ke Kwarhi kusa da Mubi, shugabanni suka koma Jos na ɗan lokaci, jama'a suka watse. Da hanya ta buɗe sun koma, suka sake yin noma, suka yi sujada a wuraren da aka ƙone kafin a sake gina su.

Bege bai hana kuka ba. Littafin Makoki kuka ne daga farko har ƙarshe, a tsakiyarsa ne (3:21-23) marubucin ya tuna cewa jinƙan Ubangiji sabo ne kowace safiya. Habakuk ya lissafta itacen ɓauren da bai yi toho ba, da gonakin da ba su ba da abinci ba, da garken da ya ƙare, kafin ya ce duk da haka zai yi murna da Ubangiji. Saboda haka a addu'ar iyali da yamma, a faɗi matsalar da sunanta, kuɗin haya ne ko na asibiti, sa'an nan kowa ya ambaci abu ɗaya da aka samu a ranar. Yara ma a faɗa musu halin da ake ciki daidai da shekarunsu, ya fi su riƙa tsintar maganar daga faɗan iyaye. Addu'ar Agur a Karin Magana 30:8-9 ta dace da irin wannan zama, gama ya roƙi a nisantar da shi daga ƙarya, kada a ba shi talauci ko dukiya, sai abincin da ya ishe shi, don kada ya ƙoshi ya musunci Allah, ko ya talauce ya yi sata.

Idan kuwa abin ya fi ƙarfinka, kada ka ɓoye. Galatiyawa 6:2 ta ce a ɗauki nauyin juna, kuma ba mai iya ɗaukar nauyin da bai san da shi ba. Ka faɗa wa fasto ko dattijon da ka amince da shi, ko shugabar Zumuntar Mata, ainihin abin da kake bukata, abinci ne, ko jari, ko wanda zai ɗauki ɗanka koyon sana'a. Dattawa kuma su riƙe sirri, su ba da taimako ba tare da kiran suna a gaban jama'a ba, su kuma tuna da maƙwabcin da ba ɗan ikkilisiya ba, tun da tsadar ba ta tambayi addinin kowa ba. Wanda baƙin ciki ya hana shi barci da cin abinci na makonni, ko ya fara maganar gara ya mutu, a zauna tare da shi, a ciyar da shi kamar yadda mala'ika ya fara ba Iliya abinci da ruwa kafin wata magana (1 Sarakuna 19), a kuma raka shi asibiti ya ga likita.